Ciyawar da Aka Ɗora wa Kawu

Ni Laraba, shekara talatin da ɗoriya ina cirar ciyawa a cikin shinkafa, kuma ba yabon kai ba, daga bakin kanal ɗinmu har titin Bunkure babu macen da ta fi ni ido. Ku tambayi kowa. In na bi gona na fito, ko tsinke ba za ka tsinta ba. Mata har tsokanata suke yi wai da yatsun ƙafa nake gani. Da idon nan nake taƙama, kuma shi ne ya jawo mana abin da zan ba ku labari.

Ciyawar da ta fi damunmu tun ina budurwa, jan-gindi muke ce mata. Ganyenta kamar na shinkafa, amma gindinta ja ne, kuma baje ƙafa take yi a ƙasa kamar mai shirin cin tuwo. Ko yarinya aka nuna wa sau ɗaya ta gane ta ke nan. To, shekarun nan sai abu ya juya. Ka cire gona tas, ka koma gida kana murna, sai ranar da shinkafa ta fara fitar da kai ka ga wasu kawuna sun yi tsiri a samanta, baƙi-baƙi, babu ƙwayar kirki ko ɗaya. Ka duba gindinsu, kore shar, a tsaye ƙyam kamar shinkafa. Kafin a yi yanka sun riga sun zubar da 'ya'yansu a ƙasa. An yi mata feshi, ta yi laushi kwana biyu ta miƙe abinta. Muka sa mata suna mai-kama. Shekara biyu da suka wuce sai da ta ci mana wajen kashi ɗaya cikin uku na gona, kuma duk ƙauyen gonarmu ce ta fi lalacewa. Gonata fa! Ni da ake kawo wa amare in koya musu cira.

Ƙauyenmu na tsakanin Kura da Bunkure, kuma tun zamanin iyayenmu muka shiga addinin Kirista. Wasu gidaje sun musulunta sun koma kusa da titi. Mutum ɗaya ne bai je ko'ina ba, shi ne Kawu, wan mahaifiyata. Yana nan a kan abin da ya tarar kakanni suna yi. Shi ya riƙe ni da ƙanena Sunday bayan rasuwar babanmu, kuma a bayan kekensa Sunday ya fara zuwa makaranta. Bai taɓa hana mu coci ba. Ranar Lahadi ma shi ke tashinmu, ya ce mu yi maza kada Allahnmu ya gaji da jira.

Kawu yana da wata al'ada. Duk ranar da aka sako ruwan noman rani, sai ya dogara sanda ya je kan kanal, daidai inda ruwa ke shigowa gonakinmu, ya damƙi hatsi hannu ɗaya ya watsa a ciki. Ya ce rabon masu ruwa ne, ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Mun saba gani, ba mai kulawa. Gonarsa ce ta farko a bakin ruwa, duk namu suna ƙasa da ita.

Tsufa ya kama shi, baya ya ƙi lanƙwasuwa, yanar ido ta rufe masa gani. Da gayya yake rayuwa. Zumuntar matan cocinmu ce ke yi wa tsofaffi dashe da cira, kuma saboda ni aka sa Kawu a layi duk da ba ya shiga ɗakin sujada. Amma bari in faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ni: tasa ce ta ƙarshe kullum. Sau ɗaya muke shiga, a makare, bayan ciyawa ta riga ta yi 'ya'ya. Mu yi sama-sama muna hira, mu sha kunun da ya sa aka dama, mu watse. Da wannan ɗan aikin namu yake samun abin da zai kai shi shekara. In babu gayya, babu Kawu a ƙauyen nan.

Maigidana Baballe dattijo ne a coci. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka ture gini. Shi ne ya fara bin gonaki ɗaya bayan ɗaya yana duba mai-kama. Ya dawo da rana tsaka ƙafa duk taɓo, ya zauna bai ko sha ruwa ba.

Ya ce, "Laraba, Ubangiji ya yi kowane tsiro da irinsa, ya gama, ya huta. Haka ne ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Maigida."

"To ciyawar da ba mu san ta ba ba daga sama ta faɗo ba. Tana wani wuri, wani ya ɗauko ta ya kawo. Na bi gona goma sha tara yau. Ko'ina tana nan. Gona ɗaya ce kawai babu ita sai jefi-jefi, duk jan-gindi ce ta cika ta. Kin san ta wa?"

Na ce, "Haba Maigida! Tsohon da ba ya ganin hannunsa?"

"Yana ganin hanyar kanal ai. Wa ya taɓa buɗe hannunsa ya ga abin da yake watsawa?"

Kafin kwana uku magana ta zaga gari. Wai dama an faɗa mana a cikin Littafi cewa akwai maƙiyin da ke shuka ciyawa a gonar wani. Wai haushi yake ji an bar shi shi kaɗai. Matan da suka sha kununsa shekara da shekaru su ne a gaba wajen kitsa zancen. Tir! Aka sa ranar Lahadi bayan sujada za a zauna a kira shi.

Ranar Asabar Sunday ya zo a kan babur ɗinsa kamar yadda ya saba. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kura, amma duk ƙarshen mako yana gida, don shi ke jagorantar mawaƙan coci. Tun yana shekara tara yake cikin mawaƙan nan. Ban bari ya cire takalmi ba na ja shi gona ina faɗa masa ina haki. Ya naɗe wando ya shiga tamu, ya cire, ya duba. Ya haura ta Kawu, ya cire, ya duba. Ya daɗe a tsaye da ciyawa hannu biyu, sannan ya dawo kan kunya inda nake.

Ya ce, "Yaya, in kin shiga cira, jan-gindi nawa kike bari?"

Na harare shi. "Zagi ne ko tambaya? Ko ɗaya."

"Na sani. To a cikin dubu, in aka samu guda ɗaya da gindinta bai yi ja sosai ba, kuma ta ɗan miƙe tsaye?"

"Yaya za a yi ta fita daban?"

"Ni da ke uwa ɗaya uba ɗaya, amma kin fi ni haske, na fi ki tsawo. Su ma haka suke, ba a samun biyu daidai. Waccan guda ɗayar ita ce za ta tsere wa idonki. Ita kaɗai za ta kai ga yin 'ya'ya, 'ya'yanta kuma su ɗauko ta. Baɗi ki sake cire duk wadda kika gane, wadda ta fi kama da shinkafa ta sake tsira. Sau biyu a shekara, shekara talatin, ke da waɗanda kika koya wa. Gonar Kawu kuwa ba a cire ta yadda ya kamata, ja da kore duk suna zubar da iri, shi ya sa jan ya rinjaya."

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kai Sunday, ka kiyaye ni! Wato ni na halicce ta ke nan?"

"A'a, Yaya. Allah ne ya yi su, shi ya sa ba su zama ɗaya ba. Ke tankaɗe kawai kika yi. Abin da ya rage a rariya shi ya yi yawa."

Na so in ƙaryata shi, amma na tuna wani abu. Tun da daɗewa, in ana yanka, nakan ci karo da kai ɗaya ko biyu baƙi a tsakiyar shinkafa, in fizge in yar ina tsaki, in ce ta ɓuya mini ne a bayan wata. Ban taɓa sunkuyawa na duba gindinta ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji daɗi don Kawu ya kuɓuta. Na ce, "To gobe sai ka faɗa musu haka."

Ya ce, "Zan faɗa. Amma kin san sunan da za su kira maganar."

Ni ban sani ba.

Washegari bayan sujada aka fito da bencina ƙarƙashin bishiyar maina. Kawu ya zo da sandarsa, karon farko da ya taka harabar cocin. Aka nuna masa benci ya ƙi, ya ce na masu ɗaki ne, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Fastonmu yaro ne mai sanyin hali, bai cika shekara biyu da zuwa garinmu ba, kuma duk dattawan sun haife shi. Ya buɗe da addu'a, ya roƙi a yi magana a hankali.

Baballe ya faɗi nasa tiryan-tiryan: gona goma sha tara, gona ɗaya da ta tsira, hannun hatsi a kan kanal. Aka tambayi Kawu me yake watsawa. Ya ce gero ne, wani lokaci dawa, abin da ya samu. Wani ya ce wa ya gani? Ba wanda ya gani.

Sai Sunday ya miƙe da daro biyu, ɗaya ciyawar gonar Kawu, ɗaya ta gonarmu, duk da saiwarsu. Ya jera su a ƙasa daga mai ja wur, zuwa mai ɗan ja-ja, zuwa kore shar. Allah ya sani, da ka gan su a jere ka san dangi ne. Ya yi bayani kamar yadda ya yi mini, a hankali, ba Turanci ko kalma ɗaya. Har na ga wasu mata suna gyaɗa kai. Ya ce a canza iri, a yi dashe a layi da igiya don duk abin da ya fito a wajen layi a san ba shinkafa ba ce, a huta da shinkafa kaka ɗaya a sa albasa. Na ce a raina, shi ke nan, mun sha.

Baballe ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Malam Sunday, ina da tambaya. Wannan abin da ka faɗa, ba shi ne karatun juyin halitta ba, wanda ke cewa kakanmu biri ne?"

"Ba haka karatun ya ce ba, Dattijo."

"To me ya ce?"

"Ya ce mu da su asalinmu ɗaya, can da nisa ƙwarai. Amma yau maganar ciyawa muke..."

Wuri ya kaure. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana kiran sunan Yesu. Baballe ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kana koya wa 'ya'yan mutane wannan?"

"Yana cikin abin da aka ce a koyar. In ban koya ba su faɗi jarrabawa."

"Ban tambaye ka jarrabawa ba. Kai ka gaskata?"

Sunday ya dube shi. Ya ce, "Na gaskata Allah ne Mahalicci, babu wani. Yadda ya yi aikinsa ne nake ganin ya fi abin da muka ɗauka tsawo. Akwai masu bi da yawa da suka riƙe duka biyun, ba su bar Yesu ba."

Ban taɓa ganin Baballe yana rawar murya ba sai ran nan. Ya ce, "Ubana saboda Littafin nan aka raba shi da gandun gidansu. Masu bin na gargajiya suka ce ya ci amanar kakanni, na gefe suka yi masa dariya, bai saki ba. Kwana shida aka ce mana aka yi halitta. Yau in ciyawa ta iya sake kanta, gobe biri ya sake kansa, to ina Adamu? In babu Adamu babu faɗuwa, wa Yesu ya zo ya ceta? In shafin farko ya tsage, a wane shafi za mu tsaya? Faɗa mini, kai mai ilimi."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na san mijina. Sunday ya buɗe baki, amma hayaniya ta danne shi. Fasto ya rasa inda zai sa kansa, sai ya juyo wajena kamar wanda ya ga mafita.

Ya ce, "Mama Laraba, babu wanda ya kai ki sanin ciyawar nan. Ki faɗa mana tsakaninki da Allah. A shekarunki na cira, kin taɓa ganin jan-gindi ta haifi kore?"

Kai, wannan tambaya! Wa ke zama ya ga ciyawa tana haihuwa? Ga kawunan nan baƙaƙe da na riƙa yarwa suna yawo a raina, maganar tana bakina. Na ɗaga kai, Baballe yana kallona, matan zumunta suna kallona. In na faɗa, na zama mai karatun biri a gaban mijina, kuma na amsa da bakina cewa idon da nake taƙama da shi ne ya ɓata gonakin gari. Na ce, "Ban taɓa gani ba." Iyakar abin da na ce ke nan. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma har gobe abin yana cina.

Nan take wani dattijo ya ce magana ta fito fili, gida biyu ce. Ko wani ya shuka, ko kuma Sunday ya fi Littafi sani. Tunda Sunday ya furta abin da ya furta a gaban jama'a, a sa shi ƙarƙashin horo: ya koma bencin baya, ya bar mawaƙa, kada ya ci jibin Ubangiji, har sai ya tsaya a gaban ikkilisiya ya janye. Aka ce haka ne, haka ne. Na kalli ƙanena. Ya tsaya da daro a hannu, fuskarsa kamar ta ranar da aka binne babanmu. Na san ba zai janye ba, kuma na san raba shi da waƙar nan daidai yake da raba shi da garin.

Sai muka ji ƙarar sanda. Kawu ne yake ƙoƙarin tashi, ba wanda ya kama shi. Da ya miƙe ya ce, "Ku rabu da yaron nan, karatu ne ya yi masa yawa. Ni na zuba."

Sunday ya yi ihu, "Kawu, ƙarya kake yi!" Ya juya wajen dattawa yana nuna daro, amma wa zai saurare shi? Mai laifi ya amsa da bakinsa. Sai ka ga fuskoki sun saki, har da masu cewa sun gode Allah. Maganar horon Sunday ta bi iska, aka ce ƙuruciya ce da son kare kawunsa. Fasto ya yi ƙoƙari, ya tuna musu cewa a cikin misalin da suke kafa hujja da shi, mai gonar bai ce a kori kowa ba, haƙuri ya ce a yi har girbi. Muryarsa ba ta wuce bencin gaba ba. Aka yanke: babu gayya a gonar Kawu, babu mai taya shi jan ruwa, har sai ya tuba ya ƙone kayan tsafinsa ya shigo coci. Kowa ya san ba zai shigo ba.

Tuwo na iya ɓoyewa a cikin zane in kai masa, kuma na yi ta kaiwa. Amma gona ba ta ɓoyuwa. Baballe ya ce ranar da na taka gonar nan, ranar zai ajiye dattijantakarsa, ni kuma a cire ni daga zumunta. Ban je ba. Kullum sai na wuce ta gefenta in zan tafi tamu, ina kallo jan-gindi tana haɗiye shinkafar tsoho, in kau da kai. Sunday yakan shiga ranar Asabar shi kaɗai, malamin makaranta da hannu kamar na jariri, me zai iya? Da aka yi yanka abin da aka samu bai cika buhu biyu ba.

'Yarsa ɗaya ce ta rage a duniya, Hawwa'u, wadda ta musulunta tana aure a Madobi. Ita ta zo da a-daidaita-sahu ta ɗauke shi. Ina taya shi ɗaure kaya, na kasa haƙuri.

Na ce, "Kawu, don me ka yi wa kanka haka? Me ya sa ka ɗauki abin da ba ka yi ba?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Larai, ni ba ni da benci a ɗakin nan naku da za a ƙwace. Shi yana da shi. Kuma gaskiya yaron ya faɗa. Shekara nawa ina zaɓen zangarniyar da zan ajiye iri? Wadda ka bari ita ke haihuwa, wannan ai ba sai an je makaranta ba." Ya matso ya rage murya kamar mai shirya wata dabara. "Ki kwantar da hankalinki. Kaka ɗaya ce. In na tafi, ba mai watsa komai a ruwa, ciyawa kuma ta sake fitowa, me za su ce? Dole su aiko a kira ni. Mijinki ba ya ƙarya, zai zo da kansa."

Ya ware rabin buhu mafi kyau daga 'yar shinkafar da ya samu, ya ɗaure bakinsa da kansa, ya ce wannan iri ne na dawowa. Ya sa Sunday ya yi masa alkawarin ba zai bar waƙa ba, kuma ba zai sake ta da maganar ba, kada ya ɓata masa shiri. Na yarda da dabarar nan, har na ji sanyi a raina. Ni ma wawuya ce.

Aka sako ruwa, ba wanda ya je kan kanal. Muka yi dashe yadda muka saba, don ba mai son a gan shi da igiya a ce ya bi karatun Sunday. Na shiga cira. Wayyo, ban taɓa yin aiki da baƙin ciki irin na bana ba. In na ga mai jan gindi sai hannuna ya tsaya. In na cire ta, na san wa nake share wa wuri. In na bar ta, ta ci shinkafar da za mu ci. Haka nake cirewa, don ban san wani abin da zan yi ba.

Da shinkafa ta fitar da kai, mai-kama ta fito fiye da ta bara. Ko'ina baƙi. Allah ya gafarta mini, murna na yi. Na tari Baballe a bakin gona na ce, "Maigida, ga ta nan. Kawu yana Madobi wata biyar. Yanzu kuma wa ya zuba?"

Ya daɗe yana kallon gonar. Na ce a raina yanzu zai faɗa. Sai ya ce, "Abin da ya zuba shekara da shekaru yana cikin ƙasa. Irin wannan sai ya shekara bakwai bai ƙare ba."

Ranar Lahadi na ji maganar a bakin kowa, shekara bakwai, shekara bakwai, kamar tare suka kwana. Na sami Fasto a bayan coci na ce ya yi wani abu. Ya ce, "Mama, na sani. Amma in na matsa, cocin nan rabewa zai yi biyu. Mu ci gaba da addu'a." Sunday yana gaba yana ba da waƙa kamar yadda ya yi alkawari, ba ya kallon kowa. Kawu ya haura tamanin. Wace shekara bakwai?

Na yi sati uku ina ja da baya kafin na hau mota zuwa Madobi. Hawwa'u ta tare ni a zaure, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kullum in ya ji ƙarar babur sai ya ce in leƙa in ga ko daga gida ne. Buhun nan ya hana a taɓa, ko matsar da shi in yi shara ba ya bari." Na gan shi kuwa a bakin ƙofar ɗakinsa, a ɗaure yadda ya ɗaure shi, fartanyarsa a kai.

Yana zaune a kan tabarma a inuwa, ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya. Da muryata ya gane ni. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi Sunday ko yana waƙa, na ce yana yi. Sai ya gyara zama.

"To Larai, ba ni labari. Ciyawar ta biyo ni, ko ta zauna?"

"Ta zauna, Kawu. Har ta fi ta bara."

Ya tafa hannu yana dariya har da tari. "Ban faɗa miki ba? Ban faɗa miki ba! To shi Baballen kunya ce ta hana shi zuwa, ya turo ki? Ba komai, ki ce masa ban riƙe shi ba. Yaushe suka ce in koma? Kada a sako ruwa ban shirya ba."

Hawwa'u ta juya ta shige ɗaki. Ya karkato kunne yana jira, murmushin yana nan a fuskarsa.

Na ce, "Gaishe ka kawai na zo yi, Kawu."

Ya sa hannu yana shafa tabarma, ya daɗe a haka. Bai tambaye ni dalili ba, ni kuma ban iya faɗa masa shekara bakwai ba. Can ya ɗaga murya.

"Hawwa'u! Zo ki kwance buhun nan ki casa, a dafa wa Larai. Ta sha hanya."

Hawwa'u ta ce, "Baba, irinka ne fa."

Ya ce, "Na sani. Kwance."

Ta ɗauke fartanyar ta jingine a bango, ta ja buhun zuwa gindin turmi. Ina zaune kusa da shi, hannuna a kan cinya, muna jin ƙarar taɓarya.